Hoton da Babu Ni a Ciki

Na ji abin da kuka ce ran nan. Kada ku ga na yi shiru ku ɗauka kunnena ya mutu. Tsufa ya cinye mini gwiwa, ya kwashe haƙora, amma kunne yana nan garau. Ina kishingiɗe a ɗaki bayan la'asar, ku kuna tsakar gida kun juye akwatin hotunana a kan tabarma, Rabi autata tana bin su ɗaya bayan ɗaya da wayarta, wai za ta zuba muku a zauren nan naku na waya don na nesa ma su samu. Abu ne mai kyau, ban hana ba. Can sai na ji Rabi ta ce ku duba wani abu: ga Inna da Sani, ga Inna da ita, ga Inna da kowa har da ragon layya, amma babu inda ta tsaya da Yaya ko sau ɗaya. Sai wata a cikinku, na gane muryarta sarai amma ba zan faɗi suna ba, ta ce:

"Ai dama Inna ba ta damu da shi ba. Ana yaye shi ta ba da shi."

Babu wanda ya ce mata kul. Kuka koma hirar atamfa. Ni kuwa ranar ko tuwo ban ci ba. Yayan naku, ɗana na fari, ya daɗe a kabari, ba zai tashi ya ba ku amsa ba. Babanku ya bi shi, Goggo Kulu da ta riƙe shi ita ma ta tafi. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, kuma ba na so in mutu in bar 'yarsa Kuluwa da wannan magana a kunne, wai uwar ubanta ba ta so shi ba. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da nake da shi ina rubuta muku wannan. Ku karanta har ƙarshe kafin ku sake buɗe baki a kaina.

A gidanmu na Jega Magaji, inda aka haife ni, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Haka muka taso muka tarar. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ba ki tsayawa ki ƙura masa ido. In yana kuka ana zaune, sai ki yi kamar na maƙwabta ne, har wata ta ɗauko shi ta ɗora miki a cinya tana yi miki tsiya. A can gida na haife shi, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Wata safiya ina zaton babu kowa, na kwantar da shi a kan ƙafafuna ina wasa da 'yan yatsunsa, ashe mahaifiyata tana bakin ƙofa. Ta kai mini wani mintsini a cinya wanda har yau in na tuna sai na shafa wurin.

"Aje shi, marar kunya! Ɗan hwari na. So kike a ce ban ba ki tarbiyya ba?"

Na ajiye shi. Daga ranar na koyi kallonsa da wutsiyar ido.

Da na koma ɗakina a Aliero, lokacin yaye ya yi, sai Goggo Kulu ta zo. Ita ce yayar babanku, tana aure a Kuberi cikin ƙasar Maiyama, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ina da ciki aka riga aka yi maganar, ba tare da ni ba, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Ta zo da sabon zanen goyo. Ina zaune a inuwar zaure ta ciki ina tsince ruɓaɓɓu daga tarin albasa, ta ɗaure shi a bayanta, ta tsaya a kaina.

"Hajaru, mun tahi."

"Allah shi kiyaye hanya, Goggo," in ji ni, kaina a sunkuye.

Ana yi wa matan garin nan ba'a wai in sun yi kuka sai su ɗora wa albasa. Busasshiyar albasa ba ta sa hawaye, kuma ni ban yi kuka ba, don idon uwar mijina yana kaina. Na dai ji muryarsa tana nisa har ta ɓace, na ci gaba da aikina. Daga nan ya zama Na Maiyama a bakina, haka nake ce masa in dole ta sa. Shi kuma da ya buɗe baki, Goggo yake kira Inna, ni kuwa Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. Kun ga ko a nan ban rubuta sunansa ba tukuna. Hannuna bai saba ba.

Kada ku jira in zagi al'adar, ba zan zage ta ba. Ku da kuke ɗora jariranku a waya tun ba a yanke cibiya ba, ba za ku gane ba. Da ita ce mace irin Goggo ta samu mai ɗebo mata ruwa da mai kiran ta Inna. Kuma ta riƙe shi riƙo na gaskiya. Da ƙyanda ta kama shi, a bayanta ta kai shi asibiti da ƙafa, ba ta aiko mana ba sai da ya warke. Ita ta kai shi makarantar allo, ita ta yi masa faɗa, ita ta san abin da yake ci da abin da ba ya ci. Ni da na haife shi ban san yana ƙin miyar kuɓewa ba sai da ya yi gemu. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ciwon nawa ne, ba laifin Goggo ba.

Maganar hoto ta shigo ne bayan na gama haihuwa, Rabi auta ta fara tasawa. Wana Sanusi, kawunku, yana da shagon hoto a Jega. Abin da ke damun sa shi ne bikin mata: ana suna ko ana kamu a cikin gida, matan sun ci ado suna son hoto, shi kuma namiji ba shi da hanyar shiga. Da ya sayi babbar kyamara sai ya kawo mini ƙaramar, irin mai ɗan allo a baya da ake ganin hoton nan take, ya ce in riƙa shiga ina ɗauka, shi ya wanke. Babanku ya yi ta gunaguni, sai da ya je ya tambayi malaminsa, aka ce masa in dai da sutura babu komai, sannan ya sakar mini mara. Kawunku ya zaunar da ni a tsakar gidan nan ya koya mini, yana yi yana mita, don shi ba ya iya koyar da abu ba tare da faɗa ba.

"Ki bar rana bayanki, ba bayan mutum ba. In tana bayanai, baƙin dodo za ki ɗauko muna. Kuma ki bar ɗaukar mutane tsakar rana suna yamutsa huska, ki jira hantsi ko la'asar, ko ki kai su inuwa."

Na ɗauki Rabi, hoton ya fito dishi-dishi.

"Hannunki na rawa. Manna shi ga haƙarƙari, ki riƙe numfashi awa mai sa zare ga allura. In yaro na, ki duƙa daidai tsawonai. Sannan ki dubi mutum, Hajaru. Ki dube shi da kyau kahin ki latsa, kar ki yi gaugawa."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta canza mini rayuwa, shi kuwa bai sani ba. Da Sallah ta zo, Na Maiyama ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, lokacin ya zama saurayi, ya fara bin motar albasa zuwa kurmi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Ya koma wajen ƙannensa suna hira a gindin dogonyaro. Kyamarar tana hannuna don na gama ɗaukar yara da kayan Sallah, sai kawai na ɗaga ta na juya wajensa. Wayyo Allah. Ranar na fara ganin fuskar ɗana sosai tun yana cikin zanen goyo. Ashe yana da tabo a gira, ban san inda ya samo shi ba. Ashe kunnuwan mahaifina ne da shi. Ashe in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. Na tsaya ina kallo, ina kallo, ga mata cike da gida, kuma babu wadda ta ce mini marar kunya, don kowa ya ga aiki nake yi.

Daga nan ban bar shi ya huta ba. In ya zo ana loda buhuna, ina leƙe ta zaure da kyamara. In ya hau rudu, rumfar da muke jibge albasa ta sha iska, yana juya ta, ina ƙasa. Na ɗauke shi yana alwala, na ɗauke shi yana gyaran babur, na ɗauke shi ya yi barci a kan buhu baki buɗe. Ranar aurensa da Luba sai da batir ya mutu a hannuna. Babanku, wanda shi ma kunyar ta ɗaure shi kamar ni, wata rana yana duba waɗanda kawunku ya wanko, ya ce:

"Wai ke Hajaru, wanga na Maiyama sarauta anka ba shi? Ko'ina hotonai."

"Haske na son huskatai," na ce masa.

Ya dube ni, ya dubi hoton da ke hannunsa, ya daɗe bai ajiye ba. Daga baya na ga ɗaya ya ɓace daga cikinsu, sai bayan rasuwar babanku na tsince shi a aljihun tsohuwar rigarsa.

Ku koma ku duba hotunan nan da kuka baza a tabarma. Za ku ga kusan duka ta gefe na ɗauke shi, ko yana kallon wani wuri. Dalili shi ne mai hoto kiran mutum yake yi ya juyo, ni kuwa ba ni da abin kiran sa. In na matsu sai in yi gyaran murya, ko in ce wa Sani ya ce wa yayansa ya ɗago, kafin saƙon ya isa fuskar da nake so ta wuce. Kuma ba banza kuka tarar da su lafiya ba. Na farko da na tara, a ƙarƙashin katifa na ajiye su, damina ta sa suka manne da juna. Da na ɓamɓare, fuskarsa ta biyo bayan wani hoton, na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Tun daga ranar nake sa farar takarda tsakanin kowane biyu, in zuba su a akwatin ƙarfe, in ɗora akwatin a kan duwatsu saboda gara da sanyin ƙasa. Wanda ke cikin katin kyamara kuwa ban taɓa yarda da shi ba sai na ga an wanke shi na riƙe a hannu, don kati ya taɓa mutuwa da bikin gida guda a cikinsa. Wannan wayar taku ma ku yi hattara da ita.

Sai shekarar da ruwa ya sauko da wuri ya tarar da albasa a rudu, garin nan duka ya ɗauki warin ruɓa. A shekarar ne Na Maiyama ya dawo daga kurmi idanunsa sun yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe, ciki ya fara kumbura. Babanku ya kai shi asibiti Sakkwato, suka daɗe a can, daga ƙarshe likita ya ja babanku gefe ya ce hanta ce, ta riga ta lalace, a kai shi gida a yi ta addu'a. Aka kawo shi nan Aliero don mun fi kusa da titi. Kafin la'asar Goggo Kulu ta iso daga Kuberi da ƙullin kayanta a ka, ta tsufa ta rankwafa, ba ta ko sha ruwa ba ta wuce ɗakin da yake. Ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki, ita ke ba shi a baki. Ni nawa dama kunu ne. In na dama in kawo bakin ƙofa in miƙa mata, in koma madafa in kasa kunne ko zan ji ya sha. Ɗana yana mutuwa a ɗakin da ke kallon nawa, ni ina wanke tukunya. Ban ɗauki kyamara ba a watannin nan, don ba na son abin da za ta nuna mini.

Ana cikin haka Luba ta haihu, mace. Ya ce a sa mata Hauwa'u, sunan Goggo, ita ce Kuluwar da kuka sani. Suna ne marar armashi, aka yanka rago aka yi addu'a, babu kiɗa. Washegari da hantsi ya ce a fito da shi waje yana son iska. Sani da babanku suka tallabo shi suka jingina shi da gindin dogonyaro a kan katifa, Goggo ta sa masa farar riga da hula, ta zauna a gefensa tana tallafe da kafaɗarsa don kada ya zame. Rigar ta yi masa yawa. 'Yan suna da suka kwana suna nan zazzaune. Sai na ji muryarsa, ta zama siririya:

"Adda, ina abin hoton ki? Ɗauko ki ɗauke ni da ɗiyar ga, ta san ta yi uba."

Na ɗauko. Hasken ya yi kyau, rana tana bayana, inuwar ganye ba ta faɗo masa a fuska ba. Aka ɗora masa jaririyar, na ɗauka, Luba ta karɓe ta. Ina shirin mayar da kyamarar cikin jaka sai ya sake magana, wannan karon da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Adda, ba Rabi abin ga. Ki zo ki zamna nan kusa gare ni. Ina son in ta girma ta ga wadda ta haihe ni."

Bai taɓa faɗin haka ba, ko da wasa. Shekara talatin da wani abu yana durƙusa mini daga nesa yana ce mini Adda, ashe abin yana cikinsa. Wallahi babu abin da nake so a duniya a lokacin kamar in jefar da kyamarar nan in je in zauna, in ɗora kansa a kafaɗata, duk mai magana ya yi. Kunya ba ta riƙe ni ba ranar, ku ji da kyau. Uwar mijina ta rasu, mahaifiyata ta rasu, babu mai mintsini na. Har na ɗaga ƙafa. Sai na ga Goggo ta zare hannunta daga kafaɗarsa a hankali, ta dafa ƙasa tana neman tashi, tana tattara bakin zanenta.

"Zo, Hajaru," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Zo ki zamna. Ɗanki na. Ni riƙo anka ba ni, na ko riƙa."

Rabi, ke ce kika ce mu zauna mu duka biyu mana, mene ne a ciki. Ke yarinya ce lokacin, ban ga laifinki ba. Amma ni na san abin da ke ciki, Goggo ma ta sani. Kamarmu ɗaya da shi, har kunnuwan. In muka zauna mu biyu, duk wanda ya ɗauki hoton nan bayan ba mu, zai tambaya wace ce uwar, a nuna ni, Goggo ta zama wata tsohuwa da ta zauna a gefe. Matar da ba ta da kowa a duniya sai shi. Ni ina da Sani, ina da Rabi, ina da ku duka. Ita in an cire shi, ko wanda zai ce Allah ya jiƙan Inna ba ta da shi. Ta goya, ta yi jinyar ƙyanda, ga ta tana jinyar ajali, sai a hoton ƙarshe in zo in ce ta matsa? Na kasa. Amma kuma in na ƙi, yaron nan zai tafi kabari yana ganin ya roƙi uwarsa abu ɗaya tak a rayuwarsa, a gaban mutane, ta hana shi. Duka biyun na gan su a fili, kuma babu wanda zan ɗauka ban zubar da ɗayan ba.

"Zamna, Goggo," na ce. "Ba mai tashe ki nan. Mai da hannunki inda yake."

Ta tsaya rabi a tashe tana dubana.

"Zamna, don Allah. In na zamna wa za ya ɗauka? Rabi da ka yanke ma mutane kai?"

Babu wanda ya yi dariya. Goggo ta koma ta zauna, ta mai da hannunta. Shi kuwa ya dube ni sau ɗaya, sannan kansa ya yi ƙasa har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Na ɗaga kyamara, na manna hannu a haƙarƙari yadda aka koya mini, ba na ganin komai a allon sai saman hularsa. Goggo ta ce masa ya ɗago, bai ɗago ba. Rabi ta ce Yaya ɗago mana, bai motsa ba. Babanku yana tsaye a bakin zaure ya juya mana baya. Na ga wani ɗigo ya faɗo a kan farar rigar, na san ba zufa ba ce. Na yi gyaran murya irin wadda na saba, ko gezau. Abu ɗaya ya rage wanda mai hoto ke yi in yana son mutum ya dube shi, kowane mai hoto ya san shi, ni kaɗai ce ban taɓa yi ba. Na riƙe numfashi, na ce:

"Lawali."

Wata tsohuwa daga cikin 'yan suna ta saki salati. Na sake faɗa, da ƙarfi, yadda har na zaure zai ji.

"Lawali, ɗana. Dube ni."

Ya ɗago. Na latsa.

Hoton yana cikin waɗanda kuka juye, wanda na sa kawunku ya wanke babba ya rufe da leda. Kun wuce shi da sauri, na ji kuna cewa Yaya ya rame a nan. E, ya rame. Amma ku sake duba idanun. Duk cikin akwatin nan shi kaɗai ne inda yake kallon mai ɗauka kai tsaye, baki a ɗan buɗe, gira a ɗage, hawaye bai bushe ba ga kuma dariya tana shirin fitowa, wannan karon bai sunkuyar da kai ba. Goggo kuwa ba kyamara take kallo ba, shi take kallo, hannunta a kafaɗarsa.

Na matsa na durƙusa a gabansa na nuna masa a ɗan allon, karo na farko da na zo kusa da shi haka a gaban mutane. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, da 'yar tsokanar nan tasa da ciwo bai kashe ba:

"Hoto ya yi, Adda. Amma ki ƙara kira na, ban jiya da kyau ba."

Na ƙara. Daga ranar har ya cika, ban sake ce masa Na Maiyama ba. In na kawo kunu sai in kira shi tun daga bakin ƙofa, Goggo ta ɗaga mini labule in shiga, ita ta tallafe shi ni in riƙe kofi. Ba mu taɓa yin maganar abin da ya faru ba ni da ita. Sau ɗaya dai, muna wanke kayansa a bakin rijiya, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Hajaru, Allah shi yi miki albarka."

Na ce amin, muka ci gaba da wanki. Ya rasu kafin a dasa albasar shekarar, kansa a cinyar Goggo, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Matan gari sun yi magana iri biyu a kaina: wasu suka ce na zubar da kunya da tsufana ina kiran ɗan fari gatsal, wasu suka ce zuciyata dutse ce, yaro na mutuwa ya roƙe ni hoto na ƙi. Ban tanka wa kowa ba. Na sa aka wanke wa Goggo nata kwafin, ta rataye shi a ɗakinta na Kuberi, duk baƙon da ya shiga sai ta nuna masa ta ce ga ta nan da ɗanta. Haka ta yi ta faɗa har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya taɓa gyara mata.

Abin da na biya shi ne wanda kuka gani da idonku: babu ni da shi a takarda ɗaya, kuma ba za a taɓa samu ba. Akwai ranakun da nake buɗe akwatin nan in ji kamar in yi ihu. Wani jikana ya ce wai yanzu ana iya yanko ni daga wani hoton a manna kusa da shi, ba mai ganewa. Na ce masa kada ya kuskura. Wurin nan na Goggo ne, ni na bar mata da hankalina, kuma da za a mai da ni ranar, abin da zan sake yi ke nan, sai dai da na kira shi tun kafin ya kwanta.

Saboda haka, Rabi, ki ci gaba da aikinki, ki zuba su duka a wayar, kowa ya samu. Babban na leda kuwa na Kuluwa ne, a ba ta a hannu ranar da za ta tafi ɗakinta, tare da wannan rubutun, kuma a gaya mata kada ta sa shi ƙarƙashin katifa. In kin zo kansa za ki tura wa 'yan'uwanki, kada ki rubuta Yaya da Goggo kawai ki wuce. Ki rubuta yadda zan faɗa miki, kada ki rage ko harafi: Lawali da Innarsa Kulu, ranar da uwar da ta haife shi ta kira sunansa ya amsa.